Ranar da Hajiya ta hana ni buga ƙararrawar tashi

Aikin koyarwa na farko da na samu a wata sakandaren je-ka-ka-dawo ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Roni. A lokacin ina zaune gidan iyayena a Kazaure, don haka kullum da sassafe nakan shiga motar haya zuwa mararraba, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta tsakanin gonakin gero da duwatsu. Makarantar tana kan tudu a bakin gari. Ba ta da katanga, balle ƙofa. In baƙo ya tambayi iyakarta, sai a nuna masa layin darbejiya ta gabas da wata tsohuwar tsamiya ta yamma.

Bayan makarantar akwai rafi. Rafi ake ce masa, amma yawancin shekara yashi ne kawai a shimfiɗe, fari fat, mai faɗi. Kusan rabin ɗalibanmu daga ƙauyukan ƙetare suke zuwa, su tsallaka da safe, su sake tsallakawa da rana. Ko da damina, in an yi ruwa yakan gudana ne iya ƙauri, kafin a jima yashi ya shanye. Tsofaffin gari sukan ce wani lokaci yakan cika har ya ci mutum, amma an daɗe ba a gani ba, yaranmu kuwa dariya suke yi in an faɗa.

Shugabar makarantar mace ce 'yar gajeriya, ta kusa ajiye aiki. Hajiya muke ce mata, mu da yaran da iyayensu. Da wuya ka same ta zaune a ofis. Da safe takan tsaya a bakin hanya tana duban fuskokin yara ɗaya bayan ɗaya, ta gane wanda bai karya ba, da wadda ta kwana da zazzaɓi, da wanda idonsa ya yi irin jan da ba na rashin barci ba. Da kanta ta tashi wani mai teburin alewa daga gindin tsamiya, da ta gano ba alewa kaɗai yake sayar wa manyan samarinmu ba. In hadari ya haɗu, takan bi aji aji tana ɗaga kai tana duban kwano da katakon rufi. Ni da na fito daga kwaleji da zaton aikin shugaban makaranta bai wuce duba jadawali da sa hannu ba, sai na riƙa binta da ido ina mamakin inda take samun ƙarfin.

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Ni ce malamar da ke kula da lokaci a makon. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a reshen darbejiya. Rana tana dukan ƙasa, sama tas, ba ko ɗigon gajimare a kanmu. Lokacin tashi ya yi, na ɗauki sandar ƙarfe na ɗaga hannu, sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu ta baya.

Hajiya ce, waya a ɗaya hannun.

Ta ce, "Malama, dakata. Kar ki buga."

Na ce, "Ranki ya daɗe, lokaci ya yi fa."

Ta ce, "Na sani. Kira mini malamai duka, yanzu."

Muka taru a inuwa. Ta gaya mana cewa matar da ke kula da ƙaramin asibitin wani gari can sama, bayan duwatsu, ta bugo mata waya. Tun hantsi ake sheƙa ruwa a can kamar da bakin ƙwarya, har ya shiga gidaje. A nan ne na fara jin cewa duk farkon damina Hajiya takan hau babur ta je garuruwan da rafin ke biyowa ta cikinsu, ta roƙi mutanen da ta yarda da su su kira ta duk ranar da aka yi ruwa mai yawa.

Ta ce, "Ruwan nan ba shi da wata hanya sai ta bayanmu. 'Yan cikin gari su tafi gida. 'Yan ƙetare ba wanda zai sauka rafi sai na ce."

Mataimakinta, wani dattijo mai sanyin hali da ke koyar da lissafi, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ta.

Ya ce, "Hajiya, yaran nan tun safe ba su ci komai ba. Wasu gona ake jiransu. In suka yi sauri ai sun ƙetare kafin ya iso, in ma zai iso."

Ta ce, "Malam, manya za su yi sauri. Ƙananan fa? Ka san yadda suke tsayawa wasa a tsakiyar yashin. Ban san yaushe zai zo ba, shi ya sa ba zan sake su ba."

Mataimakin ne ma ya fara tafiya wajen hanyar da ke gangarawa rafi, ya tsaya a kai. Da yake ba mu da katanga, mu muka zama katangar. Hajiya ta jera mu a gefen tudun, kowane malami da tazararsa, ni aka ba ni wajen tsamiya. Aka sallami 'yan gari, aka tara 'yan ƙetare a filin taro, suka yi sallar azahar, suka zauna.

Muka yi ta jira.

Ba abin da ya faru. Yashi yana ta ƙyalli a rana, wasu awaki suna tsallakawa a hankali ba abin da ya dame su. Yara suka fara gunaguni. Wasu manyan samari suka lallaɓo ta wajena, na tsayar da su, ɗaya ya ce, "Malama, don Allah dubi rafin nan. Ko cokali ɗaya na ruwa babu." Na ce ya koma. Na waiga na hango Hajiya tsaye a rana, ba ta nemi inuwa ba, ta zuba wa arewa ido.

Sai wata matsalar ta ɓullo ta inda ba mu zata ba. Da iyaye a ƙetare suka ga lokacin dawowar yara ya wuce ba kowa, wani ya ɗauki waya ya yi magana ya tura, wai an ga baƙin mutane da bindigogi sun shiga makaranta. Har yau ban san wanda ya fara ba. A shekarun nan irin wannan magana ba ta buƙatar shaida, kowa ya ji abin da ya sami wasu makarantu a wasu wurare, kowa yana kwana da tsoron a ransa. Kafin mu ankara wayoyinmu sun ɗauki ƙara gaba ɗaya. Mahaifiyata ma daga Kazaure ta kira ni tana kuka.

Muka hango ƙura a ɗaya gaɓar. Babura ne, da mutane a guje, maza da sanduna da fartanya, mata a bayansu wasu ba ko mayafi. Duk suka nufo bakin rafi za su sauko cikin yashin.

Ban taɓa ganin Hajiya tana gudu ba sai ranar. Ta tattare zani ta gangara har bakin gaɓa, tana ɗaga hannu biyu tana cewa su tsaya. Muryarta ba ta kai ba, faɗin ya yi yawa. Sai ta juyo ta ƙwala wa mataimakinta kira.

"Malam, kawo yaran! A jera su a kan tudu inda za a gan su. Kowa ya ɗaga hannu!"

Muka kwaso su muka jera, fararen riguna da hijabai tun daga darbejiya har tsamiya, suna ɗaga hannu suna kiran iyayensu. Ita kuma ta sami mai unguwar ƙetare a waya. Ina kusa da ita, ina jin abin da take faɗa.

"Ranka ya daɗe, ga 'ya'yanku nan, ƙirga su da idonka. Ba wanda ya shigo mana. Ni na riƙe su. Ruwa yana tafe. Don girman Allah ka mayar da mutane baya, kar kowa ya sa ƙafa a yashin nan."

Muka ga mai unguwar da farin rawaninsa ya shiga gaban jama'a yana buɗe hannuwa. A hankali taron ya ja da baya, sai mutum ɗaya. Wani magidanci a kan babur ya zagaye mai unguwa ya faɗa cikin rafin, tayarsa tana tona yashi, ya ƙetaro ya hau tudunmu. Na san shi. 'Yarsa tana ajina, yarinya ce siririya mai ciwon sikila, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda Hajiya ta hana a sa ta shara ko tsayuwar rana.

Bai kashe babur ɗin ba. Ya kira 'yarsa ta zo ta hau. Sannan ya dubi Hajiya.

"Hajiya, kin san abin da kika yi mana yau? Uwarta tana can ta suma. Kin san yarinyar nan ba ta jure yunwa. Ga rafi na bi ta cikinsa yanzu, ƙafata ko laima ba ta taɓa ba. Wane ruwa?"

Hajiya ta matsa ta tsaya a gaban tayar, ta ɗora tafin hannunta a kan fitilar babur ɗin.

Ta ce, "Malam, kana da gaskiya, na tayar muku da hankali, ka yi haƙuri. 'Yarka ce, ba ni da ikon raba ka da ita. Amma da safe ka ba ni amanarta, ban mayar maka ba tukuna. Ka ɗan ƙara mini lokaci kaɗan."

Ya ce, "Ki matsa, Hajiya. Ina ganin girmanki."

Ta ce, "Ba zan matsa ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Kanta bai fi madubin babur ɗin tsawo da yawa ba. Ya murɗa mai, injin ya yi ƙara, ba ta ko ƙifta ido ba. Yarinyar ta fara kuka a bayansa tana cewa, "Baba, don Allah." Muna tsaye cirko-cirko ba wanda ya san abin yi.

Awakin nan na fara lura da su. Sun bar tsakiyar yashi sun haye gaɓa a guje. Sai wata iska mai sanyi ta buso daga arewa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayanta wani sauti ya biyo, can ƙasa-ƙasa, kamar manyan motoci da yawa suna tahowa a jere daga nesa. Na ji shi a tafin ƙafata kafin kunnena ya tantance. Mutumin ya kashe babur. Duk surutun yara ya ɗauke.

Daga kwanar da rafin ya karyo ta bayan wani dutse ya ɓullo. Farkon abin da na gani bai yi kama da ruwa ba. Wani baƙin tarkace ne yake tafiya a kan yashi, karare da itatuwa da kumfa, yana turo su gaba kamar ana shara. A bayansa ruwan yake, ja kamar kunun kanwa, ya cika rafin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana birgima yana hawa kan kansa. Kafin in gama cewa innalillahi ya wuce ta gabanmu. Sawun tayar babur ɗin da ke kan yashi ya ɓace. Na ga bishiya sukutum da saiwoyinta a sama tana juyawa. Na ga rufin rumbu, na ga tunkiya. Gaɓar da Hajiya ta tsaya ɗazu tana ɗaga hannu ta tsage ta rufta ciki, ba a ko ji ƙarar faɗuwarta ba saboda rurin ruwan. Duk wannan kuma rana tana nan a kanmu, sama shuɗiya.

Na tuna wurin da ƙananan 'yan aji ɗaya suke tsayawa kullum suna tona rami a yashi, suna jifan juna da takalma. A daidai nan ruwan ya fi tsayin mutum. Na dafa tsamiya.

A ƙetare muka hango mutane sun ɗaga hannuwa sama, wasu sun durƙusa. Ba ma jin muryarsu. A wajenmu wani yaro ya fara kabbara, sauran suka ɗauka. Saurayin nan da ya ce ko cokali ɗaya babu yana tsaye kusa da ni, bakinsa a buɗe, hawaye yana zuba bai sani ba. Mahaifin yarinyar ya sauko daga babur, ya zauna a ƙasa daɓas, ya jawo 'yarsa ya rungume, ya kifa kansa a kafaɗarta. Hajiya ta janye hannunta daga kan fitilar, ta gyara mayafi, ta juyo gare mu.

Ta ce, "To, yaran nan yunwa suke ji."

Ta aiki mataimakinta wajen mai gari da liman. Kafin la'asar ta yi sanyi matan gari suka fara shigowa da ƙore da kwanuka a ka: dambu, fura, ɗanwake, dafaffiyar gyaɗa, duk abin da aka samu a gida. Muna cikin rabo hadarin da ya yi ɓarna can bayan duwatsu ya iso mana, muka kwashe yara zuwa azuzuwa. Hajiya ta hana a shiga aji biyu da ba ta yarda da rufinsu ba, aka cunkushe a sauran.

Sanyin ruwan ne ya tayar wa yarinyar nan da ciwonta. Ta fara riƙe gwiwoyi tana cije leɓe. Hajiya ta kai ta ofis ta kwantar a kan benci, ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta sa aka dafa ruwa a gidan maƙwabta. Tana ba ta ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, tana gasa mata ƙafafu da tsumma, tana yi mata hira a hankali kan wata jarrabawa da ta ci. Uban yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa kansa. Da ruwan sama ya tsagaita, Hajiya ta sami mai mota a gari ta ce ya kai su babban asibiti a Kazaure, tunda hanyar can ba ta bi ta rafi. Ta kira uwar a waya da kanta ta yi mata bayani.

Rana ta kusa faɗuwa rafin bai sauka ba, aka tabbatar ba mai ƙetarewa ranar. Nan ma na ga wani abu. Hajiya ba ta ce kowa ya nemi inda zai kwana ba. Ta tsaya da mai gari, gida gida take ambata, ta san wanda ke da ɗaki, ta san matar da za ta iya riƙe 'yan mata. Samari aka kai su zauren mai gari tare da malamai maza. 'Yan mata ta raba su rukuni rukuni, kowane rukuni da malama ko wata dattijuwa da ta amince da ita. Ta sa kowane yaro ya yi magana da gidansu a wayoyinmu, ko da kalma biyu ce. Ni aka ba ni 'yan aji ɗaya muka kwana a gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa.

Da gari ya waye ruwan ya koma iya gwiwa. Mazan ƙetare suka shigo ciki suka yi layi, namu ma suka yi, aka riƙa miƙa yara hannu da hannu. Mata suna jira a gaɓa, kowace ta kama nata sai ta shafa kansa ta shafa fuskarsa kamar yau ta haife shi. Mai unguwa ya ƙetaro da rigarsa a naɗe, ya tsaya gaban Hajiya. Sai ya yi ta addu'a kawai, muna cewa amin.

Da aka watse na bi ta ofis in ɗauki jakata. Na same ta zaune ita kaɗai, an kawo mata shayi. Ta ɗauki kofin, hannunta yana karkarwa har shayin yana zuba a kan tebur. Ta ajiye, ta sake ɗauka, ya sake zuba. Na karɓa na riƙe mata ta kurɓa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, da ruwan bai zo ba fa?"

Ta ɗan yi murmushi. Ta ce, "Da na bi gidajensu na ba su haƙuri. Na taɓa yi ai, shekarun baya. Na riƙe yara har yamma, ko ɗigo bai zo ba, aka yi ta yi da ni a kasuwa." Sannan ta ce, "Jiya da mutumin nan ya murɗa babur, wallahi ban san ko ruwan zai zo ba. Addu'a nake yi kar ya zo, kuma ina tsoron kar mutumin ya tafi."

Juma'a ce, ba a yi karatu ba. Da za ni gida ta ce in jira ta, tare za mu, don ita ma a Kazaure gidanta yake. Muka hau acaɓa zuwa mararraba, muka shiga mota, barci ya ɗauke ta har Kazaure, kanta a jingine da gilashi. A tasha na ce zan raka ta gida ta huta, ta ce a'a, asibiti za ta fara.

Mun sami yarinyar an yi mata ƙarin ruwa, ciwon ya lafa, tana zaune tana shan kunu. Uwarta ta zagayo ta doguwar hanya ta iso tun da safe. Uban yana kan benci a baranda, da ya hango mu ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe wurin da hularsa ya ce Hajiya ta zauna. Ta ce ya bari, ta shiga wajen yarinyar ta zauna a bakin gado, ta taɓa goshinta, ta tambayi ma'aikaciyar jinya yaushe za a sallame ta. Sannan ta ce wa uwar, in yarinyar ta koma makaranta a riƙa sa mata rigar sanyi a jaka har damina ta wuce.